Jan da Ke Kan Sunan Batchan

Ranar Laraba aka cika kwana huɗu Batchan ba ta sa komai a bakinta ba in ban da ruwa, shi ma ruwan sai an yi da gaske. Nilza ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon kunun shinkafa a hannu, jakar makaranta a kafaɗa, tana kallon ƙeyar tsohuwar da ta fuskanci bango. Sunanta Kinue, shekarunta casa'in da ɗaya, amma kowa a layinsu na São Paulo, Batchan yake ce mata, wato kaka, har da mai kawo musu gas wanda babu abin da ya haɗa shi da Japan.

Likita ya zo jiya, ya gwada jini, ya saurari ƙirji, ya ce bai ga wani sabon ciwo ba. Ya ce idan Juma'a ta yi ba ta ci ba, to sai asibiti, a zura mata roba ta hanci. Duk gidan sun san abin da asibiti yake nufi ga Batchan. Wancan karon sai da aka ɗaure mata hannuwa a jikin gado saboda fizge-fizge, ta dawo gida rabin mutum. Babu wanda yake ganin idan ta sake shiga za ta fito.

Abin takaicin shi ne ba shiru take yi ba. Magana take yi, ta maimaita, ta sake maimaitawa da 'yar siririyar muryarta, babu mai ganewa. Shekara biyu da suka wuce shanyewar ɓarin jiki ta kwashe mata harshen Fotugis kaf, harshen da ta yi shekara saba'in tana cinikin tumatir da shi, tana zagin karnukan maƙwabta da shi, ta bar mata Japanancin ƙuruciyarta kawai. Ɗanta Osvaldo, mahaifin Nilza, mai soya pastel, wani irin samosa, a kasuwar mako, duk abin da ya sani na Japananci bai wuce sunayen abinci da kalmomin faɗa ba. A zamaninsu kunyarsa suke ji, don yara na yi musu dariya a makaranta. Nilza ce ta ɗauki abin da zafi. Tana da shekara ashirin da takwas ta zana jarrabawa ta shiga jami'a karatun Japananci, safiya aji, rana aiki, don kawai wata rana ta zauna ta yi hira da kakarta.

Shekara biyu ke nan ana abu ɗaya. Ta iya tambayar kuɗin lema. Ta iya kama ɗaki a otal, ta iya shaida wa ɗan sanda cewa jakarta ta ɓace a tashar jirgi. Amma jimlar da ta fi gogewa a kanta, wadda take fita sumul babu gargada har malamarsu ta taɓa yaba lafazinta, ita ce "ban gane ba". Ita ta faɗa yanzu ma bayan tsohuwar ta gama. Ta danna waya ta ɗauki muryar da ta sake somawa, ta ajiye kwanon a kan kujera, ta fita da sauri kada jirgin ƙasa na ƙarfe bakwai ya wuce ta.

A cikin jirgin, a matse tsakanin wani mai gyangyaɗi da wata mai katuwar jaka, ta kunna wa manhajar fassara muryar. Japanancin ƙauye ne na shekaru tamanin baya, ga shi yana fitowa daga bakin da rabinsa ya mutu. Manhajar ta yi ta juyi, sannan ta rubuto mata wani shirme game da wanki da doki. Saura kaɗan ta maka wayar da ƙasa.

Ajinsu yara ne 'yan shekara sha takwas, sha tara, waɗanda suka tashi da finafinan zane na Japan a kunne. Malama za ta yi barkwanci su kwashe da dariya, ita Nilza tana can tana laluben inda jimlar ta dosa. Kuma ita kaɗai ce mai fuskar Japan a ajin, abin da ya fi komai ci mata rai, don kowa ya gan ta sai ya ɗauka da harshen aka haife ta. Malamar, Harumi-sensei, gajeruwar mace ce da ba ta taɓa ɗaga murya ba, shi ya sa ake tsoronta. Ta riga ta gaya wa Nilza cewa ta yi fashin aji sau biyar a wannan zangon, kuma idan ta faɗi jarrabawar baka ta gobe Alhamis, sai maimaita shekara. Sau biyu Nilza tana miƙewa da wayar a hannu za ta roƙe ta ta saurari muryar, sau biyu kunya tana zaunar da ita.

Ƙarfe ɗaya ta isa wurin aiki, ɗakuna biyu a saman wani shagon katifa, inda Valdemar yake kiran kansa shugaban kamfani alhali su uku ne duka-duka. Aikinta ƙera shafukan intanet, ko kuma dai ta ce lalata su, don ba ta taɓa gama shafi mai kyau an bar shi da kyansa ba. Likitan haƙori yana so a ƙara girman tambarinsa, karo na shida, har tambarin ya kusa cinye haƙoran. Mai askin karnuka tana so duk wanda ya buɗe shafinta ya ji haushin kare. Wani lauya ya aiko saƙon murya na minti bakwai yana bayanin cewa shuɗin da aka sa masa shuɗi ne, amma ba shuɗin da ke ransa ba. Nilza ta saurara har ƙarshe tana dafe da goshi, tana tunanin kwanon da ta bari a kan kujera.

A duk shekarar aiki ɗaya ne ta yi da zuciya ɗaya. Ƙungiyar tsofaffin ƙauyensu, tafiyar awa biyar daga São Paulo, inda iyayen Batchan suka sauka suka noma auduga, ta so a yi mata shafi mai ɗauke da duk sunayen da ke kan duwatsun maƙabartarsu, don jikokin da suka watsu su riƙa gani. Nilza ce ta kawo wa Valdemar aikin. Sakataren ƙungiyar, Seu Tadao, tsoho ɗan shekara tamanin da huɗu, ya yi shekara uku yana bin kaburbura da littafi yana kwafewa, jikarsa ta buga masa a kwamfuta, ya aiko da sunaye fiye da dubu. Sai dai ya aiko su a hargitse: ga baƙaƙe, ga wasu jajaye warwatse nan da can babu wani tsari. Nilza ba ta jure ganin irin wannan. A aikinsu ja kuskure yake nufi, ko gargaɗi, kuma tsofaffi sun saba danna abin da ba su sani ba launi ya canja musu. Da dannawa ɗaya ta mayar da su baƙi gaba ɗaya, shafin ya fito tsaf, abin alfahari. Seu Tadao ba ya duba allo, idonsa ba ya ɗauka, sai a takarda. Aka buga masa a injin ofis, wanda tawadarsa baƙa ce kawai tun ranar da aka saye shi, aka aika masa, ya sa hannu ya ce ya yi.

Ranar Lahadin da ta wuce shafin ya hau. Nilza ta kai wa Batchan kwamfuta har gado, ta buɗe sunan iyalinsu, ta ƙara girman haruffan. Ga sunan kakanta Shigeru, wanda ya rasu shekara talatin da suka wuce, ga na Kinue a gefensa. Tsohuwar ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa ta shafa allon, ta sunkuyar wa Nilza da kai irin na godiya. Nilza ta fito ɗakin ranta fari ƙal, tana ganin yau dai ta yi abin kai. Da yamma aka kai abinci aka dawo da shi.

Alhamis da safe Batchan ko ruwan ma kurɓa ɗaya ta yi. Osvaldo bai je kasuwa ba, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka haifi Nilza. Yana zaune a kicin ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce mata ya haɗa jakar asibiti. Ya kuma ce, ba da faɗa ba, shekara biyu tana zuwa makarantar nan, ashe har yanzu ba za ta iya tambayar uwarsa abin da ke damunta ba? Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Jarrabawar ɗaya bayan ɗaya ake shiga. Harumi-sensei ta nuna mata kujera, ta ce da Japananci ta ba ta labarin iyalinta na minti uku. Nilza ta haddace abin tun makon jiya. Ta ce su uku ne a gida. Ta ce mahaifinta ɗan kasuwa ne. Ta ce kakarta, sai ta kasa ƙarasawa. Abin da ta haddace shi ne kakarta tana da ƙoshin lafiya kuma tana son shinkafa. Agogon bango yana tafiya, malamar tana jira da biro a hannu, ita kuwa kanta babu komai sai jakar da ke jingine a ƙofar kicin.

Ta zaro wayar ta ajiye a kan tebur. Ta ce da harshen Fotugis, wanda haramun ne a wannan ɗakin, "Sensei, ki kayar da ni, na yarda. Amma don Allah ki saurari wannan ki gaya mini abin da take cewa. Kwana biyar ba ta ci ba."

Malamar ta dube ta, ta ajiye biron, ta kara wayar a kunne. Ta saurara sau uku. A na ukun ta cire tabarau.

"Cewa take yi ta gani da idonta, an wanke jan. Ta ce tunda lokaci ya yi, kada a ɓata shinkafa a kanta. Wane ja aka wanke?"

Nilza ta ce ba ta sani ba. Malamar ta tambaye ta ko mijin tsohuwar ya rasu, ko kuma an kai ta ziyarar maƙabarta kwanan nan. Sai ta yi mata bayani a hankali, irin yadda take yi wa 'yan shekarar farko. Idan miji ya rasu, akan sassaƙa sunan matarsa a gefen nasa a dutse ɗaya tun a lokacin, sai a cika nata da jan fenti, alamar tana raye. Ranar da ta bi shi ake wanke jan, sunan ya zama irin nasa.

Nilza ta tuna dutsen. Tana yarinya ana kai su ziyara duk shekara, ta sha ganin jan sunan, ta ɗauka ado ne da ake yi wa na mata. Babu wanda ya gaya mata, ita ma ba ta tambaya ba. Ta faɗa wa malamar abin da ta yi, da dannawa ɗaya, da hannunta.

Harumi-sensei ta ce akwai abin da ya kamata Nilza ta sani, a muryar nan ba ta ji fushi ba, ba ta ji tsoro ba, har godiya tsohuwar take yi. Nilza ba ta tsaya a kan wannan ba, ta riga ta miƙe tana tattara jaka.

"Jarrabawar kam kin faɗi," in ji malamar. "Je ki."

Valdemar yana cin shinkafa da wake a gaban kwamfutarsa lokacin da ta faɗo ofis tana haki. Ya saurare ta yana tauna. Ya ce shafin ya bar hannunsu tun Lahadi, an miƙa wa masu shi kalmar sirri sun canja, haka tsarin yake. Duk wani gyara sai an aiko da buƙata a rubuce da sa hannu, shi ya kafa dokar bayan abin da lauyan nan ya yi musu bara. Ga likitan haƙori ya kira sau uku. Ya ƙare da kiranta da laƙabin da yake yi wa duk mai fuskar Japan.

"Ke Japa, launi ne fa kawai. Wa ya taɓa mutuwa saboda launi?"

Ta ja wayar ofis ta kira ƙauye. Matar Seu Tadao ce ta ɗauka, ta ce yana lambu, ta ajiye kan wayar ta tafi kiransa da tafiyar mai shekara tamanin. Nilza tana jin kaji, tana jin rediyo, tana kallon agogo. Minti tara kafin ta ji numfashinsa.

Ta gaya masa komai ba ta rage ba.

"Duka?" ya ce.

"Duka, Seu Tadao."

"Mutum sittin da uku ne. Har da ni, a gefen matata ta fari." Ya yi wani ɗan tari. "Ashe shi ya sa tun Litinin babu wanda ya kira ni ya ce an gode. 'Yar nan, kin binne mu a rana ɗaya, ko shayi ba a raba ba."

Ta soma ba shi haƙuri, ya katse ta, ya ce kuka ba ya mayar da fenti. Ya tafi neman littafin da jikarsa ta rubuta masa kalmar sirrin, ya dawo ya karanto mata harafi-harafi, ya yi kuskure sau biyu, shafin ya yi barazanar kulle su. A na uku ya buɗe. Sai wata matsalar: a kan fayil ɗin da ya aiko ta yi gyaranta ta adana, jajayen sun tafi, babu kwafi. Haka tsohon ya zauna da littafinsa na kaburbura yana karanto mata masu rai ɗaya bayan ɗaya, ita tana nemowa a cikin dubu tana mayar musu da ja, da haruffan da rabinsu ba ta iya karantawa ba sai ya kwatanta mata zanensu. Valdemar ya leƙo sau biyu, ya ga fuskarta, ya koma. Da suka kai na arba'in da wani abu Seu Tadao ya ce ta tsallake wannan, da na bayansa. Sun rasu a watan jiya, bai samu ya gyara littafin ba, nasu ya zauna daidai yadda ta yi shi.

Ƙarfe huɗu da rabi suka gama. Ta bar likitan haƙori da tambarinsa, ta rungumi kwamfutar ta fita.

Rana tana kan bangon ɗakin Batchan lokacin da ta shiga. Osvaldo ya biyo ta ya tsaya a ƙofa riƙe da sabon kunu, don ta kira shi daga jirgi ta ce ya ɗumama, ta gano, an gyara, yau za ta ci. Ta durƙusa a gaban gadon, ta taɓa kafaɗar tsohuwar har ta juyo. Fuskar ta zabge a kwana biyar, leɓɓan sun bushe. Nilza ta buɗe shafin, ta ƙara girman haruffan yadda ta yi ranar Lahadi. Shigeru da baƙi. Kinue da ja, ja sosai, wanda ko daga ƙofa ana gani.

Ta haɗa duk abin da ta mallaka na harshen. Ta ce kuskure ne. Ta ce nata ne, ba na kowa ba. Ta ce ki duba, ja ne, ki yi haƙuri, ki ci abinci. Jimlolin sun fito a karkace, amma sun fito.

Batchan ta kalli allon ta daɗe. Ta ɗago hannun da yake aiki ta ɗora yatsa a kan nata sunan, sannan ta matsar da shi kan na mijinta ta bar shi a can. Ta juyo ta dubi jikarta, kuma a karon farko cikin shekara biyu ta yi magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, yadda ake yi wa ƙaramin yaro don ya gane.

"Mayar da shi baƙi. Na gaji. Ya daɗe yana jira."

Babu kalma ɗaya a ciki da ba ta cikin littafin shekarar farko. Baƙi yana darasin launuka, gajiya tana darasin zuwa likita, jira yana darasin tashar jirgi. Nilza ta gane ta tun daga farko har ƙarshe, ba ƙamus, ba waya, ba malama. Abin da ta yi shekara biyu tana tashi da asuba dominsa ke nan, ga shi ya zo, kuma da za a ba ta zaɓi da ta mayar da shi.

"Me ta ce?" in ji Osvaldo daga ƙofa. "Nilza, me ta ce?"

Ba ta waiwaye shi ba. Ta miƙa hannu baya ya ba ta kwanon. Ta rufe kwamfutar ta ture ta gefe, ta ɗebo kunun rabin cokali, ta hura. Ta dubi tsohuwar ido cikin ido, ta faɗi jimlar nan da ta fi iyawa, da lafazin da aka taɓa yabawa.

"Ban gane ba, Batchan."

Tsohuwar ta ci gaba da kallonta. Ta san ƙarya ce, Nilza ma ta san ta sani. Ta kai cokalin daf da leɓɓan ta riƙe shi a nan, ba ta janye ba.